Daga Maraɗi zuwa Jidda, Dubai ko Sin: ta Yamai ko ta Kano? Rabon man jirgi a kuɗin tikitinka

Mutumin Maraɗi da zai bar ƙasa ta sama, ƙofa biyu ce a gabansa. Ko ya hau bas ya yi yamma, kilomita wajen 660 ta Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso har Yamai. Ko kuwa ya yi kudu ta Ɗan Isa, ya ƙetare iyaka a Jibiya, ya ratsa Katsina ya faɗa Kano, tafiyar da ba ta cika kilomita 300 ba. Filin jirginmu na nan gari, wanda aka gyara lokacin Maraɗi Kwalliya a 2015, na ƙananan jirage ne, na cikin gida da na ma'aikatan agaji. Ba shi da jirgin yau da kullum mai kai mutum Jidda.

Ba maganar aikin Hajji nake ba. Wannan kujerar ƙasa ce, hukumar COHO ke tsara ta, inda aka ce a tashi nan za a tashi. Ina magana ne da mai zuwa Umara, da ɗan kasuwar da ke saro kaya a Dubai ko Gwanzu ta ƙasar Sin, da ɗalibi, da wanda zai kai mara lafiya Alƙahira ko Tunis. Su ne zaɓi ke hannunsu, kuma su ne ke fitowa daga ajans suna cewa tikiti ya sake tashi, wai man jirgi ne. Maganar ajans gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Mai shi ke ɗaga farashi ko ya sauke shi a duniya baki ɗaya, Yamai da Kano duk tare. Abin da ke raba farashin garuruwan biyu kuwa, mai yana da hannu a ciki, sai dai hannun bai kai girman da ake zato ba. Wanda ya gane iyakarsa, ba za a rufe masa baki da shi ba.

Man jirgin sama kananzir ne da aka tace sosai aka ɗaure shi da sharuɗɗa. Wanda ake amfani da shi a nahiyarmu da mafi yawan duniya shi ne Jet A-1. Dole ya jure sanyi har digiri 47 ƙasa da sifili bai daskare ba, kuma dole kada a samu ruwa a cikinsa, don ruwan zai zama ƙanƙara can sama ya toshe wa inji hanya. Wanda ya taɓa ganin motar da ke shayar da jirgi daga kusa, zai ga ma'aikaci ya tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske, ya juya ta har man ya yi gewaye, ya ɗaga ta yana duban gindinta ko wani abu ya kwanta. Sannan ya zuƙi kaɗan da sirinji ta cikin wani ɗan maɓalli mai takarda a ciki, wadda ke sauya launi in ta haɗu da ruwa. In ta sauya, an fasa zubawa.

Shi ya sa babu ruwa-ruwa a harkar jirgi. Ɗan kabu-kabu in gidan mai ya rufe, ya san inuwar da zai samu kwalba. Jirgi ba shi da wannan mafita: hanyar mansa guda ce, daga matata zuwa rumbun filin jirgi, da takardar shaida a kowane mataki. In ta yanke, ta yanke. A Afrilun 2022 filin jirgin Dakar ya sanar da kamfanoni cewa su zo da man komawarsu, babu na sayarwa. Bamako ma ta shiga irin wannan hali a Yulin 2024. Abin da kamfani ke yi a nan shi ne ya ɗauko man zuwa da na komawa tun daga gida. Amma mai nauyi ne, kuma ɗaukar nauyi mai yake ci: duk abin da aka ƙara, kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100 nasa na ƙonewa a kowace awa don kawai a ɗauke shi. In nauyin ya yi yawa, ana rage kayan fasinja, ko a tsaya wani gari a sha mai. Yawancin labaran «na sauka jakata ba ta sauka ba» sakaci ne na ma'aikata, amma wasu daga nan suke fitowa.

Ga kamfanonin jirage na duniya, mai na cin tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na kuɗin da suke kashewa. A Afirka, ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta ce yana kaiwa wajen kashi 40. Kuma farashinsa ba ya zama wuri ɗaya. A 2020, lokacin korona, ya faɗi warwas saboda jirage na ajiye. Bayan Rasha ta shiga Yukren a Fabrairun 2022, ganga guda, wato lita 159, ta haura dalar Amurka 150. A 2024 ta dawo tana yawo kusa da 100. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: farashin ɗanyen mai daban, na man jirgi daban. A matata, kananzir da gazuwal daga yanki ɗaya na ganga suke fitowa, don haka duk lokacin da duniya ta matsu da gazuwal, matatu na karkata can, man jirgi ya yi tsada ko da ɗanyen mai bai motsa ba. Wanda ya ji a rediyo cewa mai ya sauka ya ruga ajans da murna, ya kan dawo da sanyin jiki.

Kana iya ganin sawun man da idonka. Ka nemi cikakkiyar takardar tikiti, ba hoton nan da ake turowa ta WhatsApp mai suna da lambar jirgi kawai ba. A ƙasanta akwai lissafi: kuɗin kujera a layi ɗaya, sai jerin lambobi kowace da haruffa biyu a gefenta. Mafi yawansu harajin gwamnatoci ne da na filayen jirgi. Amma wadda aka rubuta wa YQ ko YR ba haraji ba ce, aljihun kamfani take shiga. Ƙarin kuɗin mai ne asalinta, kuma a doguwar tafiya wani lokaci ta kan yi kafaɗa da kuɗin kujerar kanta. Tana saurin hawa in mai ya tashi, tana nawar sauka in ya faɗi. In tafiya ta fasu a tikiti mai araha, sau da yawa ana maido da harajin gwamnati amma wannan ta tafi ke nan. Ka tambaya kafin ka biya, ba bayan ka biya ba.

To, ina man Yamai yake fitowa, ina na Kano yake fitowa?

Mu masu rijiyar mai ne, amma wannan bai taɓa tikitinmu ba. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take iya tacewa a rana, kuma isansi da gazuwal da gas na girki aka gina ta ta ba ƙasa. Layukan da aka sha a gidajen mai a Maris ɗin 2025 sun nuna ko na motoci ba kullum take ƙosarwa ba. Bututun Agadem zuwa Seme a Benin, mai kusan kilomita 2,000, ɗanyen mai yake kaiwa teku tun 2024, ba ya dawo mana da tataccen komai. Ƙasar da ba ta da teku, duk abin da ba ta tace a gida ba sai ya zo a bayan tanka. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, hanyar Kwatano ta Gaya ta toshe, kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, ayari-ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki sun ƙaru, kuma kowane kwana kuɗi ne a kan lita. Rage farashin isansi zuwa sefa 499 da gwamnati ta yi a Yulin 2024 ya taimaki mai mota da mai babur, amma kamfanin jirgin da ke zaune a Istanbul ko Adis Ababa da dalar Amurka yake lissafinsa.

Ita Najeriya ta daɗe cikin abin kunya irin na mai rijiya da ke sayen ruwa. Matatar Kaduna, wadda ta fi kusa da Kano, ta yi shekaru ba ta aikin kirki, man jirgi kusan duka daga waje ake shigo da shi. A Mayun 2022 ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasar ta yi barazanar ajiye jirage baki ɗaya, ta ce lita ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Abin da ya sauya lissafi shi ne matatar Ɗangote da ke Lekki a Legas, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, wadda ta fara fitar da gazuwal da man jirgi a farkon 2024. Yanzu man jirginta na zuwa Turai da Amurka, har kamfanin Aramco na Saudiyya ya saya a farkon 2025. Sai dai kada a ruɗe. Daga Lekki zuwa Kano kilomita dubu ne da ɗoriya, shi ma a bayan tanka, don haka litar Kano ta fi ta Legas tsada. Kuma Ɗangote ba sadaka yake yi ba, farashin kasuwar duniya yake bi. Abin da Kano ta samu shi ne samuwa, ba araha ba: tankarta ba ta ƙetare iyakar kowa. A wannan fanni na ba Kano gaba, amma da taku ɗaya ne.

Abin mamaki, mai ne ya ɗaukaka filin jirgin Kano tun farko, shi ne kuma ya rage masa daraja. A zamanin jirage masu farfela, wanda ya taso daga Turai zai je kudancin Afirka sai ya sauka Kano ya sha mai bayan ya ƙetare Sahara. Da aka ƙera jiragen da ke cinye tafiyar a numfashi ɗaya, suka riƙa wucewa ta sama.

Sai batun nisa, wanda mutanenmu suka fi kafa hujja da shi. Hujjar tana da daɗin ji: me zai sa ka yi yini guda a bas kana yin yamma, sannan jirgi ya ɗauko ka ya sake wucewa da kai ta kan garinku ya yi gabas? Gaskiya ne, a miƙe Kano zuwa Jidda kilomita wajen 3,400 ne, Yamai zuwa Jidda wajen 4,000. Amma a yi lissafin. Kilomita 600 tafiyar minti 45 ce a jirgi. Babban jirgi irin Airbus A330 na shan kusan tan 6 a awa, wato tan 4 da wani abu ke nan. A raba wa fasinja 300, kowa bai kai lita 20 ba. Ko an ce lita ta kai dalar Amurka guda, bambancin zuwa da dawowa bai wuce jika ashirin da ƴan kai ba. In ajans ya nuna maka ratar jika ɗari biyu tsakanin Yamai da Kano, nisa ba shi ne ya haife ta ba.

Abin da ke haifar da ita shi ne yawan fasinja da yawan masu gasa, sai kuma ko akwai jirgi kai tsaye. Kano na da jama'ar Arewacin Najeriya baki ɗaya a bayanta, masu zuwa Umara shekara zagaye. Shi ya sa Saudia ke zuwa ta kwashi mutane zuwa Jidda ba sauka, EgyptAir ke zuwa daga Alƙahira, Ethiopian daga Adis Ababa, Qatar Airways ma ta shigo a 2022. Jirgi in ya cika, kuɗin mai na rabuwa a kan kawuna da yawa. In ya tashi rabinsa wayam, waɗanda ke ciki su ke biya wa kujerun banza. Yamai kasuwarta ƙarama ce. Tana da Turkish Airlines, Ethiopian, Royal Air Maroc, ASKY da wasu na yankin, amma mai zuwa gabas a jirgin yau da kullum yawanci sai ya sauka wani gari ya sake jirgi. Ta Adis Ababa, tafiyar Jidda ta zama kilomita wajen 5,400. Ta Istanbul ta haura 6,000. Daga Kano ta Alƙahira wajen 4,300 ce. Jadawalin kamfanoni na sauyawa, a tabbatar da wanda ke tashi a watan da za a tafi.

Ga wani abu da ke ɗaure wa mutane kai: sau da yawa tikitin da ke zagayawa, wanda ya fi ƙona mai, shi ya fi araha. Ba kuskure ba ne. Kamfanin da ke tara fasinja daga garuruwa hamsin ya zuba su a jirgi ɗaya a cibiyarsa, yana iya rage maka farashi don ya ƙwace ka daga mai zuwa kai tsaye. Kai kuma da lokacinka da jikinka kake biyan bambancin. Na ga wani dattijo a ajans ana yi masa wannan bayani. Yaron ya ce, «Baba, wannan ya fi sauƙi da jika tamanin, amma za ku zauna awa tara a filin jirgi.» Dattijon ya gyara zaman hularsa ya ce, «Yaro, ni da Hajiya ne, ƙafarta ba ta da lafiya. Ba ni wanda in mun hau sai Jidda.» Ya yi daidai. Da saurayi ne mai zuwa sarin waya, da na ce ya karɓi jika tamanin ɗinsa ya nemi benci.

Yaƙin Sudan ma ya shigo lissafin. Ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, alhali ita ce ke kwance tsakaninmu da Bahar Maliya. Jirage suka koma kewayawa, ko ta arewa ko ta kudu, da ƙarin lokaci da ƙarin mai. A Hajjin shekarar, kamfanonin da ke jigilar alhazan Najeriya sun nemi ƙarin dalar Amurka 250 a kan kowane mutum saboda wannan kewaye. Wannan nauyi ya hau kan Yamai da Kano duka, kuma ya rage wa jirgin kai tsaye wani abu daga fifikonsa, tun da shi ma ba a miƙe yake tafiya ba.

Irin jirgin da za ka hau shi ma yana magana. Tsohon Boeing 747, irin wanda aka daɗe ana jigilar alhazai da shi, na shan wajen tan 10 a awa. Sababbi irin Boeing 787 da Airbus A350 na rage kashi 20 zuwa 25 cikin 100 a kan waɗanda suka gada. Ethiopian ce ta fara kawo 787 Afirka a 2012. Amfanin wannan gare ka ba lalle ya fito a farashin yau ba. Yana fitowa ne ranar da mai ya yi tashin gwauron zabo: mai tsofaffin jirage shi ke fara soke tashi, ko ya haɗe jirage biyu ya bar ku kuna kwana a filin jirgi. Manyan kamfanoni kuma da yawansu na ƙulla cinikin mai tun watanni kafin lokaci a kan farashi tsayayye, abin da ƙaramin kamfani mai saye yau ya tashi yau ba ya iyawa.

Inda Yamai ke rama wa kura aniyarta shi ne kuɗi da takardu. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro guda, don haka abin da aka faɗa maka yau ba zai yi nisa da na mako mai zuwa ba. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta faɗi, daga wajen 460 a dalar Amurka ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mai sefa a aljihu na ganin faɗuwar naira riba ce, kuma a kasuwar Kantin Kwari riba ce. A tikitin ƙasar waje ba haka ba ne, don da dalar Amurka ake yanka farashin sannan a juya shi. Akwai ma lokacin da Kano ta fi ko'ina tsada: a 2022 da 2023 kuɗin kamfanonin waje sama da dalar Amurka miliyan 800 ya maƙale a Najeriya ba su iya fitar da shi ba, sai suka janye kujeru masu araha, Emirates ma ta daina zuwa ƙasar sai Oktoban 2024. A lokacin ƴan Najeriya ne ke fita maƙwabta neman jirgi. An warware wannan a 2024, amma ya isa ya nuna cewa arahar Kano ba gado ba ce. Kowace tafiya sai an sake tambaya, a rana ɗaya, a kuɗi iri ɗaya, da nauyin kaya iri ɗaya, a kuma sa ladan ɗan canji a ciki.

Iyaka ma ba abin wasa ba ce. Daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024 tana rufe, kuma duk wanda ya riƙe tikitin Kano a watannin nan ya san yadda ta kaya. Nijar ta fita daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin jama'a su yi zirga-zirga har sai an ji wata sanarwa, amma abin da ke tsaye a kan sanarwa, sanarwa na iya ture shi. Mu mun saba shiga Jibiya da Katsina da gaisuwa kawai. Mai zuwa hawa jirgi kada ya yi haka: ya tsaya a buga masa hatimin shiga a fasfo, don jami'in filin jirgin Kano zai nemi ya ga ta inda ya shigo kafin ya buga na fita. Ya riƙe katin rigakafin shawara, mai Umara ya haɗa da na sanƙarau, ya kuma tambayi ajans ɗin da ya yi masa biza ko tsarin tafiyar ya yarda da tashi daga wata ƙasa. Hanyar Jibiya kuma da rana ake bin ta, kowa ya san dalili. In jirgin dawowa zai sauka Kano da dare, a sa kuɗin masauki a lissafi. Yamai ta fi nisa ninki biyu da ɗori, yini ne cur a bas, ga kwanan gari kafin tashi, amma kana cikin ƙasarka daga ƙofar gida har ƙofar jirgi.

Lokacin shekara na taɓa filayen biyu kusan daidai. A bazara, in zafi ya haura digiri 40, iska na yin sirara, jirgi ba ya iya ɗaga nauyin da yake ɗagawa da sanyin dare, shi ya sa manyan jirage suka fi son tashi bayan rana ta faɗi. A hunturu hazo ne matsala, kuma Kano ta yi suna a kai: jirgi ya zo ya kasa ganin ƙasa, ya yi ta shawagi ko ya wuce Abuja. Goman ƙarshe na azumi kuwa ba ruwanta da mai. Ko kyauta ake ba kamfanoni kananzir, kujera za ta yi tsada don kowa ita yake so.

Ɗan kasuwa ya fi kowa bukatar duba kilo kafin farashi. Tikiti mai jaka biyu masu kilo 23 da mai jaka ɗaya ba abu ɗaya ba ne ko da kuɗinsu ya zo daidai, kuma kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi na iya cinye duk abin da aka rage. Sannan wanda ya sauka Kano da kayan sayarwa yana da duwan biyu a gabansa, ta Najeriya da tamu a Ɗan Isa. Wanda ya sauka Yamai guda ce.

Wani zai ce, shin ba a kusa samun abin da zai maye gurbin kananzir ba, a huta? Akwai, amma ba zai sauke tikiti ba, ɗaga shi zai yi. Abin da ke kasuwa yau shi ne man da ake kira SAF, wanda ake tacewa galibi daga tsohon man suya da kitsen dabbobi. Ana gauraya shi da kananzir har zuwa rabi, inji ba ya bukatar gyara, kuma a Nuwamban 2023 jirgin Virgin Atlantic ya tashi daga Landan zuwa New York da shi zalla don gwaji. Matsalarsa biyu. Tsadarsa ta ninka ta kananzir sau biyu zuwa biyar. Kuma babu shi da yawa: abin da duniya ta samar a 2024 wajen tan miliyan 1 ne, kashi 0.3 cikin 100 na man da jirage suka sha. Tarayyar Turai ta wajabta kashi 2 cikin 100 a filayen jirginta daga 2025, zai kai 6 a 2030, kuma kamfanoni irin su Lufthansa da Air France sun riga sun ɗora kuɗinsa a kan fasinja. Don haka wanda tafiyarsa za ta bi ta Turai yana biyan wani abu da mai bi ta Adis Ababa ko Alƙahira ba ya biya. A nan gida kuwa ban ga inda za a samo tsohon man suyar ba. Mai ƙosai ba ta zubar da manta, sai ya yi baƙi ya ƙare a kasko. A ce kuma a karkatar da gyaɗarmu daga tukunya zuwa tankin jirgi, wannan magana ce da bai kamata a fara ta ba a ƙasar da ke auna hatsi da tiya.

Jirgi mai batir bai kai nan ba: kilo ɗaya na kananzir na ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batir sau arba'in da wani abu, don haka ƙananan jirage ne na gajeren zango kawai ake gwadawa. Airbus ta yi alkawarin jirgi mai iskar haidurojin a 2035, a farkon 2025 ta ɗage. In shafin sayen tikiti ya nuna maka akwatin ƙara kuɗi don tallafa wa SAF, wannan kyauta ce ta ganin dama, ba ta ƙara maka kilo ko kujera mai kyau.

In ni za a tambaya: mai lafiya, mai cikakkun takardu, da zai yi gabas, Jidda ko Madina ko Alƙahira ko Dubai, kuma ba da tulin kayan sayarwa zai dawo ba, ya fara tambayar Kano. Jiragen sun fi yawa, akwai na kai tsaye, in an soke na yau akwai fatan na gobe, ga hanyar mota gajera. Mai zuwa Maroko, Turkiyya, Turai ko wata ƙasar yammacin Afirka, Yamai ce tasa ba gardama. Haka ɗan kasuwa mai manyan jakunkuna, da duk wanda ya sayi tikiti watanni kafin tafiya, don a watannin nan ba ka san abin da iyaka ko naira za su yi ba. Mai zuwa Sin zai sauka a Adis Ababa, Doha ko Istanbul ko ta ina ya tashi, sai ya bar kilo da farashin ranar su raba gardama. In ratar da ke tsakani ba ta kai abin da za ka kashe a canji da shingaye da masauki ba, ka bi Yamai hankalinka kwance.

Dattawa su ne masu wuyar sha'ani, don kowace hanya na da abin da take karɓa daga jikinsu: ta Yamai yini a bas da jiran sauyin jirgi, ta Kano sauka da hawa a shingaye. Ga wanda ke da ɗa ko jika da zai raka shi har filin jirgi ya tsaya masa a iyaka, Kano da jirgin kai tsaye sun fi sauƙi. Ga wanda zai tafi cikin ayarin ajans, ya bi inda ayarin ya bi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, in ya fara ɗaukar fasinja zai rage wa hanyar kudu mafi yawan wahalarta, amma hatimin fasfo da duwan suna nan.